Asabar a Bakin Kududdufin Kuza

Mu goma sha ɗaya ne a rajista,
bakwai ke zuwa, in gari bai haɗa hadari ba.
Kuɗin wata ɗari biyar. Barira ke riƙe da littafi,
ita ce ma'aji, ita ce kuma ta fi kowa bashi.

A Gada Biyu muka haɗu da sanyin safiya,
bas ɗin Gyang ta ƙi tashi sai da muka tura.
Allunan zane a baya suna ta bugun juna
kamar baƙin da aka ƙi buɗe wa ƙofa.
Muka wuce Bukur, muka sauka daga kwalta,
ƙyarana ta yi mana shinge hagu da dama,
sai ga kududdufin kwance cikin jar gaɓa,
shiru, kamar bai taɓa cin ɗan kowa ba.

Ni tela ne. Kwana shida ina bin layin alli,
ran Asabar nake barin hannuna ya ɓata hanya.
Nanret daga aikin dare ta taho, da warin asibiti,
tana zane tana hamma, burushi na gyangyaɗi.
Sabitu mai gyaran rediyo duwatsu kawai yake zanawa,
wai su kaɗai ne ba sa motsi in ana kallonsu.
Baba Dalyop, tsohon ma'aikacin safiyo,
ko gajimare zai yi, sai ya ɗauko rula.

Gardamar ranar a kan launin ruwa ce.
Barira ta ce kore. Nanret ta ce shuɗi.
Na haɗa biyun don a zauna lafiya,
na samu miyar kuka da ta kwana.

Wata tsohuwa ta zo wucewa da daron dankali,
ta tsaya a bayana har na ji numfashinta.
Ta ce, "Ɗana, ruwan ya yi kyau,
amma ka manta ramin."
Na ce, wane rami, Mama?
Ta ce, "Ruwa baƙo ne a nan, aro ya yi.
Ubana ya kwashe ƙasar wurin nan da kwanon kai,
har gashin tsakar kansa ya ƙare."
Ta gyara gammo, ta yi gaba.

Ban gaya mata ba,
nawa kakan ma daga Gumel ya zo haƙar kuza,
da tabarma ɗaya da niyyar komawa bayan damina.
Kabarinsa na nan Jos.
Na matso baƙin fenti, wanda nake rowarsa,
na sa a ƙarƙashin koren, can ƙasa,
inda ƙafa ba ta taɓawa.

Ba mu ga tasowar hadarin ba.
Ɗigo ɗaya a hancin Sabitu, na biyu a kan takardata,
sai gudu, kowa da allonsa a ka,
Baba Dalyop yana kiran rularsa kamar jika.
Cikin bas muka raba masa da shayin fulas,
tagogi sun yi gumi, Nanret ta yi barci a kafaɗar Barira,
ni kuwa ina kallon aikina yana zubar da hawaye
kore a kan baƙi, baƙi a kan wandona.

Ƙarshen shekara muka ari aji a firamare,
muka rataye zane talatin da igiyar shanya.
Mutum goma sha tara suka zo, rabi danginmu ne.
Ɗaya kaɗai aka saya,
wancan da ruwan sama ya ƙarasa mini.
Mai sayen ya tambayi yadda na yi zirin nan.
Na ce sirrin sana'a ne.

Da dare Barira ta buɗe littafinta,
ta ƙara suna na goma sha biyu:
Ruwan Sama, ɗan ƙungiya.
A gefe ta rubuta, bai biya ko sisi ba.